Mai Furfura da Mai Baƙar Hula: Kwana Huɗu a Bakin Ruwan Tanji

Kifi ya kai ni Gambiya. Mu a gidanmu sana'ar banda muka gada. Mahaifinmu da ƙanensa, Baffa, sun yi shekaru suna ɗauko kifi daga Doron Baga zuwa Kano, tun lokacin da tireloli ke layi a bakin Tafkin Chadi suna jiran lodi. Rikicin Boko Haram ya zo ya toshe hanyar, kuma tun harin Janairun 2015 kasuwar ba ta koma yadda muka san ta ba. Yayana, wanda jarin gida ke hannunsa yanzu, ya ji labarin wani gari a gaɓar Tekun Atilantika mai suna Tanji, inda ake banda kifi ana fita da shi zuwa Gini da Mali, har da Najeriya. Ya ce zuwa da kai ya fi aike, kuma tunda ni ne mai ɗan Turanci a gidan, ni zan tafi.

Daga Kano na sauka Legas, na kwana, washegari jirgin da zai ɗauke mu ya shanya mu tun hantsi har bayan magariba ba tare da kowa ya ce mana uffan ba. Cikin dare muka sauka a filin jirgin Yundum. Fasfon ECOWAS ya wadatar, ba a nemi biza ba. Na mayar da agogona baya da awa ɗaya, na canji 'yan dalasi, na sami masauki a Serekunda. Ƙasar 'yar mitsitsiya ce, ita ce mafi ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka idan aka cire tsibirai, Senegal ta rungume ta ta ko'ina sai ta bakin teku. Da safe na shiga motar haya irin wadda suke kira gele-gele, muka bi titin gaɓa, muka wuce Brufut da wani ƙauye da ake kira Ghana Town saboda masuntan Gana ne suka kafa shi, muka haye wata 'yar gada, sai ga Tanji.

Hanci ne ya fara sanar da ni mun iso. Hayaƙin itace, ƙarnin ɗanyen kifi, gishiri da ruɓa, duk a haɗe. Wani zai toshe hanci, ni kuwa sai na ji kamar an mayar da ni shekara goma sha biyu ina riƙe da jakar Baffa. Rumfunan banda dogaye ne, duhu a ciki, an jera murhu an shimfiɗa waya a kai, kifin nan da suke kira kobo an shirya shi sahu-sahu, ya yi launin zinare. Na yi yinin farko a cikinsu ina taɓawa, ina karya ɗaya ina duba ko ya bushe har ciki, ina tambayar farashi.

Sai bayan la'asar na fito bakin ruwa, daidai lokacin da kwalekwale ke dawowa. Dogaye ne, an yi musu fenti ja da rawaya da shuɗi, an rubuta sunaye da addu'o'i a jikinsu, yawancin matuƙansu kuma 'yan Senegal. Ba sa isowa tudu. Mata da samari ne ke kutsawa cikin ruwa har ƙirji da robobi a ka, a cika musu, su fito a guje su juye a baro, su koma. Hayaniya kamar ana rabon gado. A saman wannan duka kuwa, tsuntsaye ne farare, ɗaruruwa, suna shawagi ƙasa-ƙasa har mutum ya ji iskar fiffikensu a wuyansa.

Wata mata ta yi tuntuɓe, kifi uku suka zube daga robarta. Kafin ta sunkuya, guda ɗaya daga cikin tsuntsayen ya dira, ya taka da ƙafa kamar ɗan kasuwar da ya san layinsa, ya ɗauki ɗaya ya yi gefe. A nan na gan shi sosai. Bai fi hankaka girma ba. Baki ja siriri, ƙafa ja, bayansa toka-toka, kansa kuma kamar an shafa masa toka mai haske, da wani siririn zobe mai ɗan duhu a inda tokar ta ƙare a wuya. Sai ido: fari tas mai ɗan rawaya, irin kallon da ke sa ka taɓa aljihunka.

Na san shi. Wallahi na san shi. Irinsa ne ke bin jiragen masunta a Baga, yana jiran a fede tarwaɗa a jefar da kayan ciki. Na tuna na taɓa tambayar Baffa sunansa, ya ɗaga kai ya ce, "Farin tsuntsu mana. Kai dai ƙirga kwali, yaro." Iyakar ilimin da na samu a kansa ke nan har na yi furfura ni ma.

Ina tsaye ina murmushi ni kaɗai, wani matashi ya matso, da tabaron hangen nesa a wuya da wata na'ura mai ƙafa uku a kafaɗa. Ashe sana'arsa ke nan, raka baƙi kallon tsuntsaye. A Gambiya wannan aiki ne da ake ci da iyali da shi, don ƙasar duk ƙanƙantarta tana da nau'in tsuntsaye fiye da 500, Turawa kuma na tururuwa lokacin sanyinsu don su gani. Baturen da ya yi alkawari da shi bai zo ba. Ya tambaye ni, cikin Turanci, tsuntsu iri nawa nake gani a gabana. Na ce iri ɗaya, fari. Ya yi dariya har sai da ya dafa na'urarsa. Ya ce in dawo gobe da sassafe bakin kogi, ba zai karɓi ko butut ɗaya ba, shayi kawai zan saya.

Da asuba ruwa ya janye. Wannan abu na teku har na baro ban saba da shi ba: sau biyu a yini ruwa ya ciko ya shafe wuri, sau biyu ya ja da baya ya bar fili kamar ba a taɓa yi ba. A inda ƙaramin kogin Tanji ke shiga teku, wani tudun rairayi ya fito, tsuntsaye sun rufe shi, kowane ya fuskanci inda iska ke fitowa kamar sahun Idi. Wurin yana cikin gandun tsuntsaye da gwamnati ta keɓe a 1993, mai faɗin hekta 612. Ya kafa na'urar, ya daidaita, ya ce in sa ido.

Abin da na ɗauka iri ɗaya ne ya rabu gida-gida. Ga masu baƙin baya manya-manya, ga masu baki ruwan lemo da ɗan tukku a ƙeya, ga wasu ƙanana masu baƙin baki. Ya yi ta jero sunaye har kaina ya ɗau zafi. Na ce masa, ɗan'uwa, ni ɗan kasuwa ne, ba na sayen kaya goma rana ɗaya; ka ba ni biyu in riƙe. Ya ce to, riƙe naka na jiya, ga na biyu. Ya ɗan juya na'urar.

Baki na fara gani. Wani jibgegen baki ja jawur, mai kauri kamar karas, da ɗan duhu a kusa da tsininsa. Sannan kai, babba, mai faɗi, da baƙin gashi daga goshi zuwa ƙeya har ya rufe ido, sai ka ce hular sanyi aka ja masa. A wasu hular ta yi baƙi ƙirin, a wasu ta yi ɗigo-ɗigon fari, ya ce wannan ya danganta da ko lokacin aurensu ya yi. Ƙafafu baƙaƙe, gajeru idan aka gwada da jikin. Yana tsaye shiru, bai kula kowa ba, sauran tsuntsaye sun bar masa 'yar tazara.

Hausa ba ta da teku, don haka ba ta wahalar da kanta wajen raɗa wa waɗannan suna ba. Muna da shamuwa, da balbela, da zalɓe, da dinya, da kirinjijiya, kowane da sunansa har da kirarinsa, amma waɗannan babu. Da Turanci dangin na farko gull ake ce musu, dangin na biyu tern, kuma masana sun zuba su duka a gida ɗaya mai suna Laridae, wato 'yan wa da 'yan ƙane ne. Ni dai a littafin da nake rubuta farashin kifi na sa musu nawa sunan: na jiya Mai Furfura, na yau Mai Baƙar Hula. Na so in ce masa Jan Baki, na tuna matan gidanmu za su ɗauka na shafawa nake nufi.

Mai Baƙar Hula shi ne babban yaya a duk danginsa a duniya. Tsawonsa kan kai santimita 50 zuwa 60, in ya buɗe fiffike kuwa ya kan kai 140, wato ya kusa faɗin hannuwan yaro ɗan sakandare. Nauyinsa ya ninka na Mai Furfura. Sunansa na littafi yana ɗauke da Tekun Kasfiya, can tsakanin Rasha da Iran, don a wannan yankin wani masani Bajamushe, Peter Pallas, ya bayyana shi a 1770. Mai Furfura kuwa santimita 40 da 'yan kai ne, kuma nahiya biyu kaɗai yake zaune, Afirka da Kudancin Amurka. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, duk da ana lissafa shi cikin tsuntsayen teku, bai damu da sai teku ba. Yana Tafkin Chadi, yana Tafkin Biktoriya, yana tafkunan gefen Johannesburg, nesa da gaɓa da ɗaruruwan kilomita. Ko'ina akwai ruwa da mutane, ya sami gari.

Amma girma da launi ba su ne suka raba su a idona ba. Yadda kowanne ke neman abinci ne.

Wajen ƙarfe takwas, ruwa ya fara dawowa, wani Mai Baƙar Hula ya tashi. Tashinsa da nauyi, fiffike na dukan iska a hankali, ƙarƙashin bakin fiffiken baƙi. Ya bi layin da ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, tsayinsa daga ruwa kamar bene mai hawa uku, bakin nan ja a sunkuye yana nuna ƙasa kamar mai neman allurar da ta faɗi. Ɗan rakiyata ya ce, ka ga alamar da ba ta ƙarya: ko daga nesa, in ka ga baki na kallon ƙasa, dangin wannan ne, Mai Furfura gaba yake miƙa nasa. Tsuntsun ya je, ya dawo, ya sake zuwa. Can sai ya tsaya cak a iska, ya kaɗa fiffike sau uku ko huɗu, ya naɗe su, ya sako kai ƙasa kamar an jefo mashi. Ruwa ya yi tsalle. Ya ɓace gaba ɗaya na ƙiftawar ido, ya fito, ya girgije a sama. Ba komai a bakin.

Na ƙirga masa. Sau huɗu yana faɗawa yana fitowa hannu rabbana. A na biyar ya fito da kifi mai tsawon tafin hannu, a gicciye a baki, yana walƙiya yana mutsu-mutsu. Kafin ya juya shi ya haɗiye ta kai, yadda suke yi don kada ƙaya ta tsaya musu, sai ga Masu Furfura uku sun taso masa daga tudun, waɗanda tun ɗazu suke zaune kamar ba su san ana yi ba. Suka sa shi tsakiya, wannan ta sama, wannan ta gefe, suna ihu. Shi kuwa ya saki wata ƙara mai kaushi, irin ta zalɓe in an firgita shi, ya yi sama da ƙarfi, ya haɗiye kifinsa a iska. Suka watse suka koma mazauninsu ba kunya ba nadama. Ɗan rakiyar ya ce shi wannan ya fi ƙarfinsu, ƙananan danginsa ne suke sha a hannunsu, a bi su har sai sun saki abin da suka kamo.

A ranar na yanke hukunci, kuma na faɗa da baki: wannan masunci ne ɗan halak, wancan kuwa ɗan cin bulus. Saurayin bai yi musu ba, ya ce dai in ƙara kwana.

Muka je shan shayin da na yi alkawari. Mai shayin Bafulatani ne, na jarraba ɗan guntun Fillancin da na tsinta a Yola, ya amsa da "jam tan", daga nan kuma muka ɓace wa juna, don nasu ya sha bamban da namu. Shayinsu ataya ne, a ƙaramin kofin gilashi, zagaye uku, na farko ɗaci kamar maɗaci. Da na biya, wani dattijo Bamandinke da na haɗa da shi a kuɗin ya ce "abaraka". Na ce a'a, wannan ai tamu ce, albarka. Muka yi ta dariya ba mai jin yaren wani.

Kwana na uku na raba shi biyu: safe ga tsuntsaye, rana ga ciniki. Da safen na zauna kusa da inda mata ke fede kifi, na sa wa Mai Furfura ido shi kaɗai. A nan na fara rage masa laifi. Tsuntsun nan ma'aikaci ne. Yana tafiya a ƙasa da sauri, ƙafafunsa dogaye sun daidaita a tsakiyar jiki. Yana sauka a ruwa ya zauna ɗas kamar agwagwa, yana iyo. Yana tsintar ƙananan kaguwa a laka, yana cafke ƙwaro a iska, yana ɗaukar abin da ke yawo a saman ruwa ba tare da ya jiƙa kansa ba. Kan kifi, hanji, guntun burodin tapalapa, shinkafar da yaro ya zubar, duk ya iya da su. Ya san lokacin da jirage ke dawowa fiye da ni. Ya san macen da ke jefa ƙazanta kusa da wadda ke kai ta nesa. Kuma in ba don shi da ungulu da hankaka ba, ban san yadda bakin ruwan nan zai kasance da rana tsaka ba.

Shi kuwa Mai Baƙar Hula, duk kwarjininsa, sana'a ɗaya ya iya. A ƙasa tafiyarsa ba ta da kyan gani, ɗan taku kaɗan ya tsaya. Ba kasafai yake zama a kan ruwa ba, ko da yake shi ma akwai fata tsakanin yatsunsa. Kifi mai rai yake so, wanda ke kusa da saman ruwa, wanda idonsa ya gani. Tsawon kwanakin da na yi, ban ga ko ɗaya ya shigo cikin turmutsutsun kasuwa ba. Tsakaninsa da tulin kifin da ke zube a rairayi bai fi tafiyar minti biyar ba, amma ko kallo.

Akwai abin da suka haɗu a kai, wanda na gani ta na'urar har na ɗauka mura ce. Wani ɗigon ruwa na gangarowa daga hancin tsuntsun zuwa tsinin baki, ya girgiza kai ya yar. Ashe dukansu suna iya shan ruwan teku. A saman kowane ido akwai wani ɗan ƙulli da ke tace gishiri daga jini, ya fitar da shi ta hanci. Ni da na kurɓi ruwan nan bisa kuskure ina alwala, na yini ina kakari.

Daga gaɓar ana hango wasu 'yan tsibirai, Bijol, kamar kilomita ɗaya da rabi cikin teku. Ba wani abu ba ne, rairayi ne da 'yan ciyayi, teku kuma na ci musu gefe. Amma su kaɗai ne tsibiran Gambiya a cikin teku, kuma can duka biyun suke ƙwai, tare da masu baki ruwan lemo. Ba a sauka sai da izinin hukumar kula da namun daji, don haka daga nesa muka kalla. Ɗan rakiyata ya ba ni labarin yadda suke yi: Mai Furfura kan tara ciyawa da tarkace ya yi sheƙa, ƙwai biyu ko uku. Mai Baƙar Hula kuwa ɗan rami kawai yake yi a yashi da ƙirjinsa, ya zuba ɗaya zuwa uku. Namijin in yana neman aure, kifi yake kamowa ya kai wa macen a baki. Na ce to, ko a nan ma sai da kayan lefe. Maƙwabtakar tasu kuma ta zaman doya da manja ce: in wani abu ya firgita masu ƙwai suka tashi, kare ne ko mutum ko jirgin 'yan yawon buɗe ido, Mai Furfura ba ya ƙin ƙwan maƙwabci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne muna shirin naɗe na'urar. Wani Mai Baƙar Hula ya sauko da kifi, wani kuma, girmansu ɗaya, sai dai bakinsa bai kai ja ba kuma bayansa da ɗan zane-zane, ya bi shi a guje, ya ƙanƙantar da kai, yana wani siririn fito kamar na ɗan tsako. Babban ya miƙa masa. Na ce wannan ƙaton ne ake ba wa a baki? Ya ce ɗansa ne. Faɗawa ruwa a kamo kifi ba abu ne da ake iyawa rana ɗaya ba, don haka iyaye kan ciyar da ɗa wata da watanni bayan ya iya tashi.

Sai ya ƙara mini da wani. Ban da waɗanda ake ƙyanƙyashewa a wannan gaɓa, akwai Masu Baƙar Hula da ke ƙwai a tsibiran Tekun Baltik, wajen Suwidin da Finlan. In sanyi ya gabato sai su keto Turai, su haye Bahar Rum, su ratsa Sahara, da yawansu su sauka a fadamun Kogin Kwara da ke Mali, wajen Mopti. Kogin nan dai da ya bi ta Yamai da Gaya ya shigo Yawuri. Masu bincike sun ɗaura wa iyaye da 'ya'ya na'urar bin sawu, sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna cewa a tafiyar farko ɗan ba ya tafiya shi kaɗai, kuma galibi uba ne ke jan sa. Shi ke nuna masa hanya da wuraren yada zango. In lokaci ya yi da zai yi tafiyar da kansa, hanyar nan da aka nuna masa ita yake bi. Tsuntsu ne mai tsawon rai, an sami masu zobe a ƙafa da suka haura shekara 25.

Ban ce komai ba. Ina tuna Kano zuwa Potiskum, Damaturu, Maiduguri, Monguno, Baga, da inda Baffa ke tsayawa sallah, da mai abincin da ba ya wucewa, da yadda yake sa hanci a kwali ya gane kifin da aka yi wa algus. Ni aka nuna wa hanyar. Ɗana na fari bai taɓa ganin Baga ba.

Cinikin rana bai yi daɗi ba. Dattijuwar da na fi yarda da bandarta, wadda wani yaro ke yi mana tafinta, ta yanka mini farashin da ya sa na ajiye biro. Na ce, Inna, wannan ai ko a Kano ban sayar haka ba. Ta ce ba laifinta ba ne. Ta nuna kudu da haɓa. A Sanyang da Gunjur da Kartong, duk a kan wannan gaɓa, an kafa masana'antun da ke niƙa kifi su mai da shi gari da mai, a fita da shi waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Kobo da yaboy suke saye, wato kifin talaka, kuma sai an niƙa wajen kilo 4 zuwa 5 kafin a sami kilo 1 na gari. Jirgi in ya cika, gara ya kai inda za a saye duka lokaci ɗaya a biya. Abin da ya rage shi su ke rububi a kai. Ta buɗe mini murhu biyu a ƙarshen rumfar, toka ta yi sanyi a ciki.

Da na koma bakin ruwa da yamma sai na kalli tsuntsayen da wani ido. Ƙananan kifin nan masu yawo a saman ruwa, su ne na murhun Inna, su ne na masana'anta, su ne kuma wanda Mai Baƙar Hula ke faɗa wa ruwa dominsu. In suka yi ƙaranci, Mai Furfura zai koma bola, ya koma bayan otal, ya bi mahauta, ko ya yi ƙaura zuwa wani tafki. Wanda na yi wa kirari da ɗan halak shi ne ba shi da wata madafa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kuma in gaskiya za a bi, ni da na bar Chadi na biyo ƙamshin kifi har bakin Atilantika, na san a cikin biyun wanda na fi kama da shi, ko da ba shi na fi so ba.

Da daddare Yaya ya kira. Na karanta masa lissafi: kuɗin kifi, kuɗin kwali, kuɗin mota ta Senegal da Mali da Burkina da Nijar, ga shingaye, ga halin da hanyar ke ciki, ga canji. Ya yi shiru, ya ce a bar shi kawai. Sai na ce, "Yaya, ka tuna farin tsuntsun nan na Baga? Yana nan." Ya ce, "Wane tsuntsu?" Na fara yi masa bayanin furfura da jan ƙafa. Ya katse ni: "Malam, kifi muka aike ka ko tsuntsu?" Amma kafin ya ajiye waya sai ya ce, "Mai bin jirgin nan? Mai ido kamar na maye?" Na ce shi.

Ranar ƙarshe na sayi kwali ɗaya na kobo don gida, kada a ce na dawo hannu biyu. Na ci benachin a wata rumfa, dafa-duka ce da kifi da kabeji da gauta, na nemi ɗan rakiyata in yi masa sallama. Baturensa ya iso, suna can bakin kogi sun duƙufa a kan na'ura, don haka hannu kawai muka ɗaga wa juna. Na tura masa ɗan abin da ya sawwaƙa ta hannun mai shayi.

Ina jiran gele-gele a bakin titi, kwalina a ƙasa, na juya ina amsa gaisuwar wani. Da na waiwayo, wani Mai Furfura na tsaye taku biyu daga kwalin, ya karkata kai, farin idon nan a kan inda igiya ta ɗan yaga takarda. Na buga ƙafa. Ya ja da baya taku ɗaya, bai tashi ba. Na ɓare wutsiyar kobo ɗaya na jefa masa, ya cafe tun ba ta taɓa ƙasa ba. Can bayansa, ta saman rufin rumfunan banda, inda hayaƙi ya yi siriri, wani Mai Baƙar Hula na bin layin ruwa, baki a ƙasa, ya je, ya dawo. Kwandasta ya buga jikin mota yana kiran Serekunda, na ɗauki kwalina, ban ga ko ya faɗa ba.